Ranar da Aka Cire Mini Aljanar da Na Ƙirƙira

Na manta abubuwa da dama a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma shekarar da sojoji suka koma bariki ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ba don siyasa ba. Jama'a suna ta murnar an dawo mulkin farar hula, kowa ya manna fostar gwaninsa a ƙofar gida, ni kuwa a shekarar ce na kusa rasa matar aure da ɗan mutuncin da nake da shi a unguwa, duk a kan wasa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta cikin gari. Ina da keke, ina da ɗan gemun da nake ta lallaɓawa ya fito, ina kuma da shagona a jikin soron gidanmu a Madabo. Mahaifinmu ya rasu, gidan yana hannun mahaifiyata, Inna. Ina neman auren Zulai, wata ɗalibar kwalejin horon malamai da ke zaune wajen Ƙofar Dawanau. Manyana sun je sun gaisa da nata, an karɓe su da fara'a, aka ce su ɗan saurara za a yi bincike. Ko a jikina. Me za a binciko? Ba na shan taba, ba na caca, sinima kuwa in zan shiga sai na tsallake unguwa uku. Ni a zatona binciken ma daraja zai ƙara mini.

Ana cikin haka sai abokina Kabiru ya dawo daga Ingila. Ɗan wani attajirin fatu ne, an tura shi karatu. Takardar karatun dai har yau ban gan ta ba, amma ya dawo da wata 'yar jakar yadi cike da 'ya'yan lido irin waɗanda ba mu taɓa gani ba. Ɗan lidon da muka sani fuska shida gare shi. Na Kabiru akwai mai fuska huɗu, akwai mai takwas, har da wani mai ashirin, kamar ƙwallon goriba da aka fere. Ya ce da su ake wani wasa da ya koyo a can, kuma sai ya koya mana.

Mu uku ya tara a shagona: ni, da Sani Tela, da Auwalu, wani marini daga Ƙofar Mata wanda hannunsa shuɗi ne har gwiwa ko ranar sallah. Kabiru ya yi mana bayani. Mutum ɗaya shi ne mai ba da labari. Shi ne garin, shi ne duhun, shi ne duk wani mugun abu da za a gamu da shi. Sauran kowa zai ƙirƙiri mutum guda, ya raɗa masa suna, ya ba shi sana'a, a rubuta ƙarfinsa da jarumtarsa da hankalinsa a 'yar takarda, kamar sakamakon jarrabawa. Mai labari zai ce ga ku a wuri kaza, me za ku yi? Sai ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ɗan lido. In ya ba da lamba mai kyau ka yi nasara, in ya ƙi ka shiga uku. Kuma tunda labarin na ban tsoro ne, duk lokacin da mutuminka ya ga abin da bai kamata ido ya gani ba, sai a rage masa makin hankali. In makin ya ƙare, ya haukace ke nan, kai kuma ka koma ɗan kallo.

Sani ya tambaya nawa ake zubawa. Kabiru ya ce ko kwabo. Ya tambaya to wa ke ci. Kabiru ya ce babu mai ci, ana dai ƙoƙarin fita da rai ne. Sani ya ce wannan ai zaman banza ne aka haɗa shi da lissafi. (Shi ne kuma ya riga kowa zuwa a duk zaman da muka yi bayan nan.)

Ni na zaɓi in zama likita. Sani ya ce shi soja ne mai ritaya, tunda dai an sallame su. Auwalu ya ce shi marini ne. Kabiru ya yi ta fama da shi, ya ce wasa ne fa, kana iya zama ko wane ne a duniya, matuƙin jirgin sama, alƙali, ɗan kasuwar zinare. Auwalu ya yi dogon tunani, sannan ya ce to, shi marini ne mai mota.

Labarin da Kabiru ya ba mu a ranar farko bai tsorata kowa ba. Wai wani ƙaton gida ne a kan dutse, ga hazo, ga wani farin mutum da ke kwana a cikin akwati da rana, da dare ya fito shan jini. Muna ta sauraro cikin ladabi har aka zo inda Kabiru ya rage murya ya ce abu ɗaya dodon yake tsoro, tafarnuwa. Sani ya ce dodon da ba zai iya ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Kurmi ba ai abin tausayi ne. Daga nan ya nemi a bar sojansa ya karanta Ayatul Kursiyyu. Kabiru ya ce babu wannan a dokar wasan. Sani ya ce to dokar ce ke da gyara. Aka yi ta musu, Auwalu kuma ya yi barci, ya jingina da kekena.

A nan bakina ya ja mini. Na ce laifin ba na wasan ba ne, na labarin ne. Mutumin da ya tashi a cikin ganuwa, ya wuce kango da magariba, ya san wace rijiya ce ba a leƙawa, ba za ka firgita shi da Bature a akwati ba. Na ce in aka ba ni dama, zan ba da labarin da sai wani ya nemi a raka shi gida. Sani ya ce tunda yanzu dimokuraɗiyya ake yi, a kaɗa ƙuri'a. Aka tashi Auwalu ya ɗaga hannu bai san me ake zaɓa ba. Na ci zaɓe da ƙuri'a uku, har da tawa. Kabiru ya ce an yi maguɗi, amma ya miƙa mini jakar.

Ban taɓa shirya darasin aji yadda na shirya wa wannan wasa ba. Na ƙirƙiri wata tsohuwar aljana na sa mata suna Uwar Rijiya, tana zaune a rijiyar wani kango a ƙarshen lungu. Na riƙa gwada muryarta a banɗaki, in maƙe wuya, in ja numfashi, har na gano cewa in na yi magana a bakin tulu muryar tana fitowa da amo kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Na riƙa tambayar tsofaffin unguwa labarin rijiyoyin da aka cike. Na je Ƙofar Mata da tsakar rana na tsaya ina leƙa wani tsohon ramin rini don in ga yadda duhu ke zama a ƙasan rami. Kabiru ya ce a can suna da 'yan mutum-mutumi da ake ɗorawa a kan taswira don a san inda kowa yake tsaye. Ni ba ni da su, sai na shiga ɗakin Inna na kwaso wuri a cikin wata tsohuwar ƙwarya. Na haɗa da baƙin zanenta da ke kan igiya, da kaskon turaren wuta.

Ranar Asabar bayan la'asar suka zo. Na toshe tagar shagon da bargo, na kunna aci-balbal guda, na zuba turare, na zana lungun da kangon a ƙasa da allin makaranta, na jera wuri uku a bakin ƙofar kangon. Na yafa baƙin zanen a kaina, na ajiye tulun a cinya. Kabiru ya kalle ni ya ce ko a Ingila ba a kai haka.

Kuma wallahi abin ya yi. Na ce musu wata budurwa ce ta ɓata a unguwa, an ga takalminta ƙafa ɗaya a ƙofar kangon, su ne za su shiga nemanta. Sani ya tambayi sunanta. Duk shirin nan da na yi ban tanadar mata suna ba, kuma suna ɗaya ne ke yawo a kaina a lokacin, sai na ce Zulai. Suka yi dariya, aka wuce. Amma da suka shiga kangon dariya ta ɗauke. Na ce likitan Kabiru (ya karɓe mini shi tunda na zama mai labari) ya leƙa rijiyar, ya ga fuskarsa a cikin ruwa tana yi masa murmushi, alhali shi ba murmushi yake ba. Na ce sojan Sani ya ji muryar mahaifiyarsa daga ƙasan rijiyar tana kiransa da sunan da ita kaɗai take kiransa da shi. Sani ya gyara zama ya matsa kusa da ƙofa. Auwalu, wanda ya yi barci a makon jiya, na ga leɓensa yana motsi. Na riƙa zaftare musu makin hankali ba tausayi. Daɗi ya cika ni. Na ji ashe ni ma ina da baiwa, firamare ce kawai ta ɓoye ni.

Abin da ban sani ba shi ne, dangin Zulai sun ɗora binciken a wuyan ƙanen mahaifinta, Baffa Ilu, wani dattijo mai sayar da hatsi. Shi Baffa Ilu bai yarda da tambayar maƙwabta ba. A ganinsa maƙwabci ko dai ya rufa maka asiri ko ya yi maka sharri, don haka gara ya faɗo wa mutum ba sanarwa ya gani da idonsa, kamar yadda yake zura hannu har ƙasan buhu kafin ya saya. Daga baya ya ce ya yi sallama a soro har ya gaji. Babu wanda ya ji. Sai ya ga hayaƙi yana fitowa ta ƙasan labulen shago, ya ɗaga.

Ga abin da ya gani: ɗaki duhu tun rana ba ta faɗi ba, hayaƙin turare, zane-zane a ƙasa, wuri a jere, ƙarti uku a durƙushe, ɗaya hannunsa shuɗi. A gabansu kuma ga mai neman auren 'yarsu, lulluɓe da baƙin zanen mata, ya kafa baki a tulu. Ni ban gan shi ba, zanen ya rufe mini gefe. Ina tsakiyar wurin da na fi alfahari da shi a duk labarin.

"Zulai tawa ce," na ce a cikin tulun, da muryar nan. "Kurwarta tana nan ciki, na rufe. Babu mai karɓe ta daga hannuna. Ko ubanta, ko baffanta."

Sani, wanda ya ba wa ƙofa baya, ya girgiza ɗan lido a tafinsa ya ce, "Malam, bari in jefa mu gani ko za ta fito." Na ce masa ya yi a hankali, hankalinsa saura biyu.

Sai na ji wata murya da ba ta cikin labarin tana salati a hankali. Na yaye zanen. Muka haɗa ido da Baffa Ilu. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, daga nesa, amma na gane shi nan take, don hancinsu ɗaya da Zulai.

Na yi niyyar in miƙe in gaishe shi, sai na tuna tulu yana cinyata, na rasa inda zan ajiye shi, sai kawai na durƙusa da shi a rungume na ce, "Baffa, barka da yamma." Abin takaici, maƙogwarona bai gama komawa daidai ba. Rabin gaisuwar da muryar Uwar Rijiya ta fito.

Sani da Auwalu suka sulale ta gefensa, kowa yana sannu Alhaji, sannu Alhaji, takalma a hannu. Kabiru ya tsaya zai taimake ni. Ya ce wa Baffa Ilu kada ya damu, abu ne da ya koyo a wurin Turawa, ni ne aljanar, su kuma suna ƙoƙarin ceto yarinyar ne, kuma saura kaɗan. Baffa Ilu ya dube shi ya ce ashe har da Turawa a ciki. Ya saki labulen, ya sa aka yi masa iso wurin Inna.

Sun daɗe. Bayan ya tafi Inna ta aiko kirana. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, kuma ranar ko kallona ba ta yi ba. Na zauna na yi mata bayani tun daga jakar Kabiru har zuwa tulu. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta tambaye ni, wato ni da gemuna, malamin makaranta, na ɗauki zanenta na yafa, na kwashe mata wuri, na sa baki a tulu, don wasa kawai? Na ce e. Ta ce to wa nake ganin zai yarda da wannan?

Ta ce Baffa Ilu ya ce abin da ya gani ɗayan biyu ne, ko bokanci nake yi a ɓoye, ko kuma iska ta taɓa ni. Ita kuma ta tabbatar masa na biyun ne. Ta ma kawo masa hujjoji: mako guda ana jin muryar mace a banɗaki in na shiga, ina bin tsofaffi da tambayar rijiyoyi, kuma an gan ni da tsakar rana ina leƙa ramin rini ina gyaɗa kai.

"Mai lalura ana yi masa magani a ba shi mata," in ji ta. "Boka fa? Gobe da hantsi Malam Tasi'u zai zo. Baffan yarinyar ma zai dawo ya gani."

Har yau ban san ko Inna ta yarda da bayanina ba. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba.

Malam Tasi'u tare muka yi makarantar allo, shi ya riƙe karatun, ni na riƙe surutun. A lokacin ya yi suna a unguwa wajen ruƙiyya. Ya zo da ruwan tofi, da habbatus sauda, da wata 'yar tsumagiya, da rikoda, wadda ban kula da ita ba sai daga baya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Aka ajiye wa Baffa Ilu kujera. Matan maƙwabta suka cika saman katanga kamar ana rabon wani abu. Malam ya ce a samo ƙarfafa biyu su riƙe ni. Wa kuke tsammani aka kawo? Sani da Auwalu. Sun riga sun gaya wa unguwa cewa su dubiya suka zo yi mini jiya, abin ya tashi a gabansu. Kabiru kuwa an ce tafiyar gaggawa ta kama shi zuwa Kaduna.

Dabarata mai sauƙi ce. Zan kwanta a yi mini karatu, karatu ai ba ya cutar da kowa, in an gama in ce na ji sauƙi. Malam ya fara, kuma yana da murya, har na fara jin barci. Sai ya tsaya ya matso kusa da kunnena ya ce, "Yi magana. Wace ce ke?"

Na ce, "Tasi'u, ni ne fa."

Ya juya wurin Baffa Ilu ya ce, "Alhaji, ka ji. Ta san sunana."

Na ce babu wata aljana, wasa ne muke yi da 'ya'yan lido, ga Sani nan a tambaye shi. Sani ya sunkuyar da kai ya ƙara danne mini kafaɗa. Malam ya ce duk haka suke cewa, babu wadda ke amsa laifinta da wuri. Aka matso da kasko, aka zuba habbatus sauda, hayaƙi ya shige mini hanci. Tsumagiya ta fara sauka a tafin ƙafata, ba da ƙarfi sosai ba, amma da naci. Duk gaskiyar da na faɗa sai ta zama hujjar taurin kan aljana. Na rantse, aka ce tana rantsuwar ƙarya. Na karanta Fatiha, aka ce malama ce.

Na waiga wurin Inna. Ta yi mini kallon nan da take mini tun ina yaro in baƙi sun zo na tsaya gardama. Na waiga wurin Baffa Ilu. Na ga ya duba agogo, ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Na san in dattijon nan ya miƙe a haka, da Zulai zai miƙe.

Sai na rufe ido, na maƙe wuya, na ja numfashi.

"Ni ce Uwar Rijiya."

Katanga ta ɗauki salati. Malam ya gyara zama. Daga nan kuma, Allah Ya yafe mini, wasa ya dawo sabo, sai dai wannan karon shi ke tambaya ni ke amsawa. Ya ce daga ina? Na ce daga rijiyar kango. Tun yaushe take can? Na ce tun kafin a gina ganuwa. Me ya haɗa ta da bawan Allah? Na ce ya leƙa rijiya ne ba bismillah, ta ga gemunsa ya burge ta. (Wata daga kan katanga ta ce wane gemun.) Me ya sa ta ambaci Zulai? Na ce don ta ɓata auren ne, ta sa a zarge shi da abin da bai sani ba.

A nan na ga dama ta samu, na ce bari in yi wa kaina kamfe, tunda lokacinsa ne. Uwar Rijiya ta shiga kuka da halin yaron. Ta ce ta sha wahala a jikinsa, ya dame ta da azkar safe da yamma. Ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya sanin hanyar sinima. Ta ce a duk shekarunta ba ta taɓa shiga jikin mai ladabi irinsa ba, duk wanda ya ba shi 'ya ya huta. Ta fara bayanin cewa irin wannan yaro bai kamata a tsananta masa a kayan lefe ba, sai tsumagiya ta sauka, Malam ya ce ba a tambaye ta ba. Kafaɗun Sani suna ta rawa, hawaye na zuba a idonsa. Mata suka ce Allah sarki, abota ke nan.

Malam ya yi mata wa'azi, ta tuba. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta dawo ba, ta yi. Ya ce ta fita ta babban ɗan yatsan ƙafar hagu. Na karkaɗa yatsan iya ƙarfina. Hayaƙin nan kuma ya taimake ni da wata atishawa ta gaske, wadda ta sa har kajin Inna suka watse. Na saki jiki. Bayan ɗan lokaci na buɗe ido na tambaya, da muryata, ina ne nan.

Ina jiran in ji daɗin nasara, sai na ji hannu a kaina. Baffa Ilu ne ya taso daga kujera ya durƙusa a gefena. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Sannu, ɗana. Na zarge ka jiya, ka yafe mini." Duk abin da ya faru a kwana biyun nan, babu inda kunya ta kama ni kamar nan. Dattijo da furfurarsa yana neman gafarata da hawaye, ni kuma ina kwance ina tunanin ko muryar ta fita da kyau ba tulu. Na ce babu komai, Baffa. Na kasa kallonsa.

Na ɗauka an gama. Na manta da rikoda. Ashe Malam Tasi'u yana naɗar irin wannan zama don wa'azi, kuma wani ya ari kaset ɗin, wani ya kwafa. Bayan 'yan makonni na shiga bas, kekena yana wurin gyara, sai direba ya tura kaset. Na ji karatu, na ji tsumagiya, sannan na ji kaina ina cewa tun kafin a gina ganuwa. Wata tsohuwa a bayana tana ta Allah Ya raba mu da sharrinsu. Kwandasta ya ce shi ya san mutumin, ɗan unguwarsu ne, har yanzu sai an ɗaure shi ranar Laraba. Na so in ce ƙarya yake, amma ina tsoron a gane muryar. Ko "akwai" ɗin da ake cewa a tsayar da mota na kasa faɗa. Sai da wani ya sauka, can gaba da makarantarmu sosai, na bi bayansa na dawo a ƙafa. Ɗalibaina kuwa, in na juya ina rubutu a allo, sai in ji wani daga baya ya yi atishawa, ajin ya ce Allahu akbar.

Ranar da na koma zance wurin Zulai, na shirya jawabin jinya, na ma ɗan rage murya kamar mai farfaɗowa. Ta fito ta zauna a ɗaya gefen tabarmar, ta gaishe ni, ta yi mini ya jiki da fuskar da ban gane mata ba. Ashe ajinsu ɗaya da ƙanwar Kabiru, ta san komai tun daren Asabar ɗin, har da marini mai mota. Ta bar ni na gama jawabina tsaf. Sannan ta ce tambaya ɗaya gare ta.

"A labarin naku, wa ya fito da ni daga tulun?"

Na ce ai ba mu kai nan ba, Baffa ya shigo.

"To har yanzu ina ciki ke nan," ta ce. Sai ta rufe fuska da mayafi, ta yi ta dariya har ƙanwarta ta leƙo. Ta ce ba za ta gaya wa kowa ba, amma in sani duk ranar da na ɓata mata rai, tana da kaset.

An ɗaura aure bayan damina. Baffa Ilu ne waliyyi, kuma shi da kansa ya riƙa gaya wa mutane cewa yaron kirki ne, har aljana ta shaide shi. Wasan ma mun ci gaba da yi, a ƙofar gida, a fili, da wake maimakon wuri, kowa na wucewa yana ganinmu yana cewa lido ne na 'yan boko.

Abin ya daɗe yana damuna, don na san na yi ƙarya a inda bai kamata ba, kuma na yi istigfari ba adadi. Bayan an haifi 'yarmu ta biyu na ce bari in sauke nauyin. Na sami Baffa Ilu a rumfarsa, na zauna a kan buhu, na kwashe gaskiya duka na gaya masa: babu Uwar Rijiya, ni na ƙirƙire ta, ni na yi muryar, wasa ne na ba da labari da manya ke yi. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallona, ya kama hannuna ya riƙe, yana motsa baki. Sannan ya juya ya ce wa maƙwabcin rumfarsa, a hankali don kada in ji, a nemo masa Malam Tasi'u, da alama ta dawo.

Nan take na ce masa zolaya nake yi, lafiyata ƙalau, na kuma karanta masa duk abin da na haddace kafin ya sake ni.

Daga ranar na haƙura. Na gane cewa a garin nan ya fi sauƙi mutane su yarda aljana mai shekara dubu ta shige ka saboda gemunka, da su yarda cewa ƙato kamarka, da iyali da albashi, zai zauna ya yi wasa don kawai yana jin daɗinsa.